Ranar da Na Bar Lawali a Bayan Dutse

Tun da muka dawo ba ni da sakat. A majalisar bakin tasha a tambaye ni, a ofis a tambaye ni, har mai wankin hula ya tare ni ya ce wai da gaske ne an ɗaure mu kamar tumaki a ƙasar Nijar. Lawali kuwa, wanda ya fi ni sanin abin da ya faru, in an tambaye shi sai ya nuna ni da haɓa ya ci gaba da ɗinke buhunan albasarsa. Na gaji da maimaitawa, ga shi labarin ya fara ƙaruwa a bakin mutane, har na ji an ce mun yi artabu da bindiga. To ga yadda aka yi, in rubuta sau ɗaya in huta.

Ni ba ɗan wasa ba ne. Ma'aikaci ne, haifaffen birnin Sakkwato, aiki ya kawo ni Illela, kuma likita ne ya ɗora ni a kan keke bayan ya auna jinina ya girgiza kai. Lawali ya samo mini keken, gwanjo, irin na hawan dutse mai kaurin taya da giya rututu. Shi ɗan kasuwa ne, fataucin albasa ya gada, rabin danginsa a Illela rabi a Konni. Kullum bayan asuba mukan tuƙa zuwa tafkin Kalmalo mu dawo, shi a gaba yana zuba surutu, ni a baya ina haki. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, amma ko ɗan gangaren kwalbati na gani sai na matse birki har ya yi ƙara. Tsoron gangara nake yi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Bayan an gama girbin gero Lawali ya zo da labarin tsere. Wani malamin makaranta a Konni, Malam Isufu, shi ke tara masu sha'awar keke su yi tsere a duwatsun Adar, wanda ya yi na ɗaya a ba shi buhun shinkafa. Na ce ina da shinkafa a gida.

Ya ce, "Malam Bello, kai dai tashi mu tahi. Ba wanda ya ce ka yi na ɗaya. In munka kai ga gangara ka sauka ka tura, wa ka ganinka?"

Haka ya yi ta yi mini har na yarda.

Da hantsi muka tura kekunanmu zuwa bakin iyaka. A ɓangarenmu ma'aikatan sun san ni, dariya kawai suka yi ta yi da suka ga ni da hular kwano a kan kaftani. A ɓangarensu wani jandarma dogo ya karɓi katinmu ya duba, sannan ya zagaya kekena, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin sirdi, ya matsa taya da babban yatsa. Injin yake nema. Ya bayyana mana cewa an hana babur shiga dazuzzukan arewacin garin saboda ɓarayin shanu, duk wanda aka gani a kai sai ya yi bayani. Da ya tabbatar ƙafa ce man keken ya miƙo mana katin, ya ce kada mu kauce wa hanyar da aka sa mana. Na ce to, kamar yadda ake cewa to.

A gidan gwaggon Lawali muka sauka, Gwaggo Ige, tsohuwa mai faɗa da kyauta. Ta sa aka share mana zaure, aka kawo dambu da zogale ya ji ƙuliƙuli, da wani burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya ɗaye mini dasashi. Mutanen can Hausa ɗaya muke yi da su, amma in za su faɗi lokaci ko farashi sai su juya Faransanci, in tsaya ina kallon bakinsu. Da rana ta take kuma kowa ya rufe shago ya tafi gida, har mai faci, wanda na je nema ya ƙara mini iska. A Illela mai shagon da ya rufe da tsakar rana sai a je gida a gaishe shi da jiki.

Gwaggo Ige ta tsaya a ƙofar zaure tana kallon kekunan.

Ta ce, "Lawali, mi kuka nema cikin dutsi? Mutanen ƙauye a firgice suke, kwanan ga anka kore musu shanu. Ka ɗauko baƙon mutane, ɗan birni, ka kai shi daji."

Lawali ya ce da jandarmomi za a yi, kuma an shafa wa hanya fenti. Ta ce fenti ba ya hana komai, ta koma ciki.

Washegari da sassafe wata babbar mota ta kwashe mu da kekunan zuwa gindin dutsen. Yawancin 'yan tseren samari ne, sirara, da gajerun wanduna masu ɗame jiki. Ni da Lawali dogon wando muka sa muka cusa ƙafarsa cikin safa, don ba na jin zan iya tsayawa gaban jama'a da cinya a waje. Malam Isufu, gajere mai sanƙo da usur a wuya, ya yi bayani da Faransanci sannan da Hausa. Za a hau dutsen ta nan, a ratsa fakon da ke samansa, a sauka ta ɗaya gefen inda gangaren ke da sauƙi, a zagayo nan inda aka tashi. Alamar hanya fenti ne ja da fari a jikin duwatsu. Ya hura usur, samarin suka yi sama kamar an kore su.

Hawan nan ba na keke ba ne, na awaki ne. Siririyar hanya ce mai tsakuwa da ke zamewa ƙarƙashin taya, dutse a dama, kwazazzabo a hagu. Ban yi nisa ba na sauka na tura. Da na kai sama na waiwaya na ga motar da ta kawo mu ta koma kamar akwatin ashana. Na gode wa Allah a fili da ba ta nan za a sauka ba.

A saman mu kaɗai muka rage, don Lawali ya tsaya jirana. Rana ta fara zafi, iska na watso mana tsakuwa, sai muka naɗe fuskokinmu da ƙyalle muka sa baƙin tabarau ƙarƙashin hular kwano. Muka yi ta bin fenti har muka zo wata mararraba. Ta dama ban ga komai ba sai sabara. Ta hagu kuwa ga ginshiƙan siminti a jere, tsaf, kowanne da fenti ja da fari. Na ce wa Lawali ka ga aikin mutanen da suka san tsari, saboda tseren yini ɗaya har siminti suka kafa. Shi ma ɗan kasuwar kan kwalta ne, bai fi ni sanin daji ba. Muka bi hagu. Daga baya aka gaya mana ginshiƙan nan alamar burtali ce, hukumarsu ke kafawa don a raba hanyar shanu da gonaki, kuma ko yaron goye a ƙasar ya san haka. Mun ga kashin shanu birjik a hanya, ba mu ga sawun taya ko ɗaya ba, amma muka ci gaba da tuƙi.

Burtalin ya kai mu bakin wata rijiya, mata na jan ruwa. Ta farko da ta ɗago kai ta gan mu ta saki guga da igiyarsa suka faɗa ciki. Sai kururuwa. Suka watse da gudu, wata ta fizgi ɗanta ta hannu ɗaya, wata ta bar takalmanta. Sai a lokacin na ga abin da suka gani: mutum biyu sun fito daga daji a kan abin hawa mai ƙafa biyu, fuska a rufe, ido baƙi, kai da kwano.

Kafin mu kwance ƙyallen maza sun fito daga cikin karan gero, da sanduna, da kwari da baka, ɗaya da bindigar toka. Lawali ya sauka ya ɗaga hannu yana sallama. Wani saurayi ya zo ta gefe ya sauke masa gora a gwiwa, na ji ƙarar kamar an fasa busasshen ice. Ya faɗi a kan kekensa. Ni ban yi komai ba, ban ma iya sakin kan keken ba sai da aka ɓamɓare yatsuna. Da igiyar wani guga aka ɗaure mu.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Suka kai mu gaban maigari, wani tsoho siriri mai farin gemu, yana zaune a kan buzu kusa da masallaci. Masallacin ɗaki ne guda na laka mai ƙofa ɗaya. Lawali, yana cije baki, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da unguwar gwaggonsa a Konni. Ba wanda ya san su. Na ce ni ma'aikacin gwamnati ne, aka ce gwamnatin wa. Sai suka laluba aljihuna suka ciro waya. Na saba kunna wata manhaja da ke zana hanyar da na bi, don in nuna wa likita ina motsa jiki. Ga taswira, ga jan layi ya taso daga gindin dutse ya ratso daji ya tsaya cak a kan rijiyarsu. Wani da ya ɗan yi boko ya ɗaga wayar yana nuna wa jama'a. Na fara bayani, amma duk kalmar da na ƙara sai fuskokinsu su ƙara ɗaurewa.

Maigari ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ba mu labari a hankali, ba tare da ya dube mu ba. Kwanakin baya wasu baƙi biyu sun zo rijiyar nan sun roƙi ruwa, an ba su, sun sha suna dube-dube. Bayan tafiyarsu aka zo aka kore shanun garin, aka harbe wani matashi da ke kiwonsu. Ƙarfafan garin sun bi sawu tun jiya, an aiko cewa ba su samu komai ba, suna hanya, da la'asar za su iso. A cikinsu akwai Ada, uban wanda aka kashe.

Ya ce, "Waɗanga da ka gani, ina iya tsai da su. In Ada ya iso ya iske ku, ban sani ba."

Babu sabis a garin, babu babur ko ɗaya tun da aka hana. Tsohon ya ce tunda mun ce da jandarmomi muka zo, ɗaya ya tafi ya kawo su, ɗaya ya zauna. Samarin suka yi ca, suna cewa wanda aka saki 'yan'uwansa zai kirawo. Ya ce ya ji, kuma haka za a yi. Ba a tambayi wa zai tafi ba, don gwiwar Lawali ta riga ta kumbura ta cika wandon.

Da aka kwance ni na durƙusa kusa da shi. Gumi ya jiƙe masa fuska.

Ya ce, "Malam Bello, ta inda munka hau za ka sauka, ita ta kusa. Kada ka tura, lokaci bai kai ba. Ja jikinka baya, birkin gaba kuma kada ka matse shi da ƙarhi."

Na ce to. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, ina jin saƙon gida ne, sai ya fasa ya ce in tafi.

Na bi ginshiƙan nan na koma, ina tuƙi kamar ba ni ba. Bayana kuwa sai tsuma yake yi, ina jiran kibiya. Na wuce mararraba, na zo bakin gangaren, na tsaya. Ban yi niyyar tsayawa ba, hannuwana ne suka tsayar da ni. Can ƙasa ga mota, ga rumfa, ga mutane kamar tururuwa. Na ji fitsari ya matse ni, na ji kuka. Na dubi inuwata na ga ta fara fitowa ta gabas. Na yi kalmar shahada na saki birki.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Keken ya yi ta tsalle yana neman ƙwace kansa, haƙorana na haɗuwa, idona na ruwa har hanyar ta zama biyu. Na ja jikina baya yadda Lawali ya ce har sirdin na dukan cikina. Kwazazzabon na hagu ɗazu yanzu ya koma dama, na ƙi kallonsa, ina jin sa dai a gefen fuskata. A wata kwana tsoro ya fi ƙarfina na damƙe birkin gaba, sai ga ni a sama, sai ga ni a ƙasa cikin ƙaya, keken a kaina. Fatar hannuna ta saɓule daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Kan keken ya karkace, na matse tayar gaba tsakanin cinyoyina na murɗe shi ya miƙe. Na sake hawa tun kafin in samu damar tunani, don na san in na yi tunani ba zan hau ba.

Da na iso ƙasa an riga an gama tsere, ana rabon kyauta. Mutane suka ga wani dattijo ya sauko ta hanyar da ba a saukowa, jina-jina, sai suka hau tafi da shewa. Wani ya miƙo mini ruwa yana dukan kafaɗata. Malam Isufu ne ya dubi bayana bai ga kowa ba, ya daina murmushi.

Ya ce, "Ina abokinka?"

Na ce ginshiƙai, rijiya, sun riƙe shi, la'asar. Ya gane. Cikin ɗan lokaci muna cikin motar jandarmomi, da shi, da wani wakilin hakimin yankin da ya zo kallon tsere. Malam Isufu ya sa aka ɗauki 'yan tsere biyu da kekunansu da hulunansu a bayan motar, don mutanen su gani da idonsu. Amma mota ba ta hawan inda na sauko, sai an zagaya dutsen ta cikin rairayi. Muka kafe a wani busasshen rafi, muka sauka muna tono da hannu muna cusa reshe ƙarƙashin taya. Ina tono ina kallon rana. La'asar ta yi muna wurin, ta wuce muna hanya.

Rana ta yi ja muka shiga garin. Jama'a sun ninka na ɗazu, duk sun taru a gaban masallaci. Ban ga Lawali a inda na bar shi ba. Jandarma ya ja ni na sauka daga motar.

Da aka buɗa mana hanya na ga maigari zaune a bakin ƙofar masallacin, bayansa jingine da gefe ɗaya, ƙafafunsa miƙe sun tokare ɗaya gefen. A gabansa wani ƙaton mutum na tsaye, ƙafafunsa fari fat da ƙurar tafiya, gatari a hannu. Ba sai an gaya mini Ada ne ba. Wakilin hakimi ya yi sallama ya yi magana mai tsawo. Aka sauko da samarin nan biyu, suka sa hulunansu da tabarau suka cire. Malam Isufu ya buɗe wayar ɗayansu ya nuna irin jan layin nan. Ada ya saurara, ya dubi kekunan, ya dube ni da hannuna mai jini. Idanunsa sun yi jajir, na mutumin da bai yi barci ba bai kuma yi kuka ba. Bai ce mun yi gaskiya ba, bai ce a yi haƙuri ba. Ya juya ya ratsa mutane ya tafi, aka bi shi da kallo.

Daga cikin duhun masallacin na ji muryar Lawali.

"Malam Bello, ka tura?"

Na ce ban tura ba. Daga nan kuka ya ƙwace mini, a gaban jandarmomi da kowa.

Aka ce wa maigari ya ba da hanya a fito da Lawali, sai ya ce a kama shi, ƙafafunsa sun mutu. Mutum biyu suka ɗaga shi. Ashe tun da aka hango ƙurar masu bin sawu ya sa aka shigar da Lawali ciki, shi kuma ya zauna a bakin ƙofar, bai motsa ba. Ba a yi jam'in la'asar a masallacin ba ranar. Tsohon ya dubi rana, ya ce a ba shi buta, shi ma bai yi ba. Ni na zuba masa ruwan alwala da hannuna mai lafiya. Na yi masa godiya, ban san me na ce ba. Ya ce in je a wanke mini ciwon kada ya ruɓe.

A Konni aka ɗaure wa Lawali ƙafa, ƙashin gwiwar ya tsage. Gwaggo Ige ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Washegari muka tsallako iyaka a motar albasa, shi a gaba ya miƙe ƙafa, ni a gefensa, kekunan a sama kan buhuna. Har yau yana ɗingishi, kuma ni kaɗai nake zuwa Kalmalo da safe.

A motar nan, mun kusa shiga Illela na ce masa tsohon nan ya yi ƙoƙari, zama a gaban mai gatari ba wasa ba ne. Lawali ya ce daga inda yake kwance yana jin duk abin da suke faɗa, Ada na cewa a ba shi hanya, tsohon na cewa a jira baƙo ya dawo, shi ya riga ya yi mana alkawari.

Ya ce, "Ka san mi Ada ka kiran shi? Baba. Ɗanshi na, na cikinshi. Yaron da anka kashe jikanshi na."

Direba ya rage gudu, mun iso shingen farko.